Littattafan Gi Nikola da haƙƙin mutanen Gulbin Maraɗi

A watan Maris na 2025, dokar sake gina ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan mataki ya aza mana nauyi, domin mafi yawan abin da aka rubuta kan tarihi da al'adun jahar Maraɗi da Faransanci aka rubuta shi.

Mu ɗauki misalin Gi Nikola, masanin zaman jama'a ɗan ƙasar Faransa. A shekarun 1960 ya yi bincike a kwarin Gulbin Maraɗi da ƙasar Kance. Ya zauna da anna, ya rubuta yadda kowace zuri'a take riƙe da gadonta, na noma, ko farauta, ko su, ko ƙira. Ya bayyana bikin dubu, wanda manomi ke yi idan ya tara dami dubu: ya rarraba hatsi ga jama'a, ya sami sarautar noma. Babban littafinsa ya fito a birnin Paris a 1975. A 1986 ya wallafa wani a kan kyauta da ciniki, inda ya nuna yadda kuɗin kasuwa ke shiga cikin biki da gudummawa ba tare da sun kashe su ba. Ya kuma karantar a makarantar harsunan Gabas ta Paris. Jaklin Monfuga-Nikola ita ma ta fitar da littafi kan borin Maraɗi a 1972.

To, wa ke cin amfanin wannan aiki? Mutumin Gabi da ya gama ajin yaƙi da jahilci yana karanta Hausa sarai, amma littattafan da ke maganar ƙasarsa sun kasance masa kamar rumbu a kulle. Dattawan da suka ba da labarin galibi sun riga mu gidan gaskiya, bikin dubu kuma ya yi ƙaranci.

Wasu na cewa idon baƙo ne, a bar shi. Gaskiya ne baƙo yakan kuskure ma'anar kalma ko asalin sarauta. Sai dai kuskuren ba ya gyaruwa sai masu abin sun karanta. Idan an fassara, limamin Gabi da sarkin ruwan Madarunfa za su iya cewa nan daidai ne, nan kuwa ba haka ba.

Akwai wani dalili kuma. Tun 2006 tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99 suka shiga jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. Kare irin wannan gado yana bukatar rubutu da jama'ar wurin suka fahimta.

Saboda haka ya kamata cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su haɗa kai, su nemi izinin mawallafa, su soma fassara babi babi cikin ƙananan littattafai masu arha. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.