Cin gashin kan asibiti da bashin da yake bin gwamnati

Wanda zai ci gashin kansa sai ya tanadi itacen da zai hura wuta. A kan wannan itacen ne maganar bai wa manyan asibitocin Nijar ƴancin tafiyar da kansu take tuntuɓe. A takarda, babban asibitin ƙasa na Yamai da takwaransa na Damagaram suna da majalisar gudanarwa da kasafin kuɗi nasu, suna kuma riƙe abin da suka tara daga hannun majinyata. Amma farashin magani da na aikin likita gwamnati ce ke yanke shi, kuma ita ce babbar mai cin bashin asibitin.

Tushen al'amarin yana komawa ga shirin Bamako na 1987, wanda ya ɗora wa marar lafiya wani kaso na kuɗin jinyarsa. Daga baya Nijar ta sassauta: a 2005 aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka haɗa da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Tsarin shi ne asibiti ya yi aikin, ya aika takardun lissafi, baitulmali ya biya. Biyan ne ya riƙa jinkiri, wani lokaci fiye da shekara. Asibitin da ba a biya ba kuwa ba ya iya biyan dillalan magani, dillalai su rufe masa ƙofa, ɗakin magani ya bushe, uwar da aka ce jinyar ɗanta kyauta ce ta fito da takarda a hannu tana neman kantin magani a cikin gari. Sunan kyauta yana nan, kuɗin dai daga bakin zanenta ya fito.

A 2024 hukumomi sun rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, suka kuma soke jaka 150 ta sefa da masu wankin ƙoda ke ajiyewa. Talaka ya ji daɗi, kuma ya cancanci hakan. Sai dai kuɗin lantarki, da man janareta, da gyaran na'urar hoto ba su ragu da rabi ba. Giɓin da ragin ya buɗe, in ba a cike shi daga kasafin ƙasa ba, a gadon majinyaci zai bayyana.

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa ba. Daraktan da aka ce ya ciyar da asibitinsa da kansa zai karkata ga abin da ke kawo kuɗi: ɗakunan alfarma da gwaje-gwaje masu tsada. Sashen yara, wanda ke cika maƙil da damina saboda zazzaɓin cizon sauro, shi ne zai zama maraya, don ba ya shigo da ko dala.

Saboda haka ya kamata ƴancin ya zo da yarjejeniya a rubuce, mai wa'adin biyan kuɗin jinyar kyauta, da kason gyaran na'urori da ba a taɓawa, da lissafin shekara da ake bugawa kowa ya gani. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware wa kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, Nijar kuwa har yanzu ba ta kai wannan mizani ba.