Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Haɗin Kan Jami'an Tsaro Yayin Babban Bala'i

Duk lokacin da wani babban bala'i ya auku, ko gobara ce, ko rushewar bene, ko turmutsutsun jama'a, akan ƙidaya mamatan a ɗora wa bala'in alhakinsu baki ɗaya. Amma masu nazarin irin waɗannan al'amura sun daɗe da gano cewa mamatan kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka cika nan take, akwai kuma waɗanda suka rasu daga baya suna jiran taimakon da ke kusa da su amma bai iso ba. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam takan fara lalacewa idan ta rasa iska na minti 4 zuwa 6, kuma wanda babbar jijiyarsa ta jini ta yanke yana iya mutuwa cikin 'yan mintoci. Ra'ayina shi ne, abin da ke ceton wannan kashi na biyu shi ne jami'an da suka hallara su kasance ƙarƙashin jagoranci guda, suna jin maganar juna. Yawan jami'ai da yawan motoci ba su wadatarwa in babu wannan.

Bari mu duba abin da ya faru a filin ƙwallo na Hillsborough da ke birnin Sheffield a Ingila, ranar 15 ga Afrilu, 1989, a wasan Liverpool da Nottingham Forest. Jama'a sun cunkushe a bakin ƙofa, sai kwamandan 'yan sanda David Duckenfield, wanda bai fi mako uku da kama wannan aiki ba, ya ba da umarnin buɗe wata babbar ƙofa. Mutane kimanin 2,000 suka kwararo ciki, alhali ba a tura kowa ya tare hanyar da ta nufi sashen da ya riga ya cika maƙil ba. Da mutane suka fara tsallake shingen ƙarfe don neman numfashi, 'yan sanda suka ɗauka masu tarzoma ne, har suka ja daga a tsakiyar fili don hana magoya bayan ƙungiyoyin biyu faɗa. Motocin ɗaukar marasa lafiya fiye da 40 sun zo, amma ƙalilan ne suka shiga filin, sai 'yan kallo ne suka riƙa ɓalle allunan talla suna ɗaukar 'yan'uwansu a kai. Mutum 96 suka rasu, na 97 ya biyo su a 2021 saboda raunin da ya samu a ranar. Kwamitin bincike na 2012 ya nuna cewa mutum 41 daga cikinsu suna da damar rayuwa da an kai musu ɗauki a kan kari.

Mai karatu zai lura cewa babu abin da aka rasa a wajen, ga jami'ai ga motoci ga asibitoci. An rasa dai mutum guda da zai fahimci abin da ke faruwa, ya sanar da kowa, ya raba aiki.

Haka nan kuma a birnin New York na Amurka, ranar 11 ga Satumba, 2001, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana kowanne ya kafa cibiyar ba da umarni tasa daban, kuma rediyoyinsu na oba-oba ba sa kama na juna. Bayan benen kudu ya rushe, 'yan sandan da ke cikin jirgi mai saukar ungulu sun hango cewa benen arewa ma yana dab da faɗuwa, suka sanar ta rediyonsu. Saƙon bai bi ta rediyon 'yan kwana-kwana ba. A ranar 'yan kwana-kwana 343 suka rasu, 'yan sandan birnin kuwa 23.

Maganin wannan matsala ba sabo ba ne. Bayan wutar dajin da ta addabi jihar Kalifoniya a 1970, hukumomin kashe gobara suka zauna suka fitar da tsarin jagorancin gaggawa da ake kira ICS a taƙaice, wanda Amurka ta mayar da shi tsarin ƙasa baki ɗaya a 2004. Ginshiƙansa masu sauƙin fahimta ne. Shugabannin hukumomin da suka hallara su tsaya wuri guda su yanke shawara tare. Kowane jami'i ya san mutum ɗaya tak da yake karɓar umarni daga gare shi. Kada wani shugaba ya riƙe fiye da mutum bakwai a ƙarƙashinsa, biyar ma ya fi. A yi magana da kalmomin da kowa ya sani, a bar lambobin sirri na kowace hukuma. A cikin wannan tsari aikin ɗan sanda a bayyane yake: ya killace wurin, ya buɗe hanyar shiga da ta fita ga motocin asibiti, ya nisanta 'yan kallo, ya adana shaida. Sa'an nan ma'aikatan lafiya su tantance majinyata da alamar launi, ja ga mai bukatar ɗauki nan take, ruwan ɗorawa ga mai iya jira kaɗan, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda ya cika.

Wani zai ce ai kowace hukuma da dokarta, kuma babba ba ya son karɓar umarni daga wanda ba gidansu ɗaya ba. Gaskiya ne, shi ya sa ma ya wajaba a warware wannan tun kafin ranar. Rubuta tsari a takarda ma bai isa ba. A 2017, lokacin da bam ya tashi a zauren Manchester Arena ya hallaka mutum 22, Birtaniya tana da rubutaccen tsarin aiki tare, amma duk da haka 'yan kwana-kwana sun shafe fiye da sa'a biyu ba su iso ba, domin ba a isar musu da sahihin bayani ba. Tsarin da ba a yi atisayensa ba yakan ɓace daga ƙwaƙwalwa da zarar firgici ya zo.

Mu ma nan gida darasin ya shafe mu. Nijeriya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa, NEMA, a 1999, ga 'yan sanda, ga 'yan kwana-kwana, ga lambar kiran gaggawa 112. To amma idan tankar mai ta kife a bakin hanya, kamar yadda ta faru a garin Majiya na Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, mintocin farko ne ke raba gardama, kuma 'yan sandan da ke ƙaramin ofishin ƙauye ba za su iya korar ɗaruruwan mutane su kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dole tsarinmu ya haɗa da dagaci da mai unguwa da 'yan sa-kai, waɗanda jama'a suka sani kuma suke jin maganarsu.

Saboda haka ina kira ga kowace jiha da ta rubuta, tun yanzu, wanda zai ja ragama a kowane irin bala'i, ta samar da layin rediyo guda da dukkan hukumomi za su iya shiga, ta kuma riƙa gudanar da atisayen haɗin gwiwa aƙalla sau ɗaya a shekara, musamman gabanin hawan salla da manyan taruka. Jami'o'inmu ma suna da rawar takawa: su riƙa bin diddigin kowane bala'i, su rubuta lokacin da aka kira da lokacin da aka iso da inda aka samu cikas, domin a gyara. Kuɗin da wannan zai ci bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da ran mutum guda da ya rasu a bakin hanya, motar asibiti kuwa tana tsaye a bayan taro ta rasa hanyar wucewa.