Difa: In Rana Ta Faɗi, Ina Za A Ajiye Wutar?

Abin kunya ne a ce jahar da ake haƙo man Agadem a cikinta tun shekarar 2011, manomin tattasai na bakin Komadugu yana auna ribarsa da litar esansin injin ban ruwa. A 2015, da dokar ta-ɓaci ta taƙaita sayar da mai, gonaki da dama sun bushe. A watan Agusta na 2023 kuma Najeriya ta yanke wa ƙasarmu wuta, kowa ya ga ƙarshen dogaro da tukunyar maƙwabci. Rana kam Allah ya hore mana. Matsalar ita ce ajiyar ƙarfinta zuwa dare.

Masu tarukan manyan otel sun fi son zancen haidirojin: a raba ruwa da lantarki, a tara iskar a tanki, a sake mayar da ita wuta. To, amma cikin kashi 100 da aka zuba, ba a maido ko 40, alhali batirin litiyom na maido kusan 90. Ga tsadar injuna, ga neman tataccen ruwa, ga rashin magyara. Wannan na masana'antun ƙarfe da taki ne, ba na mai firijin ƙanƙara a kasuwar Difa ba.

Man tsirrai irin na bini-da-zugu fili yake ci, kuma fadamar da ambaliyar 2019 da ta 2022 suka lalata ba ta da rarar da za a raba tsakanin ciki da inji. Iskar gas ta kashin shanu dai ta isa girki, ta rage saran itace.

Saura batir. Shi ma ba waliyyi ba ne: zafin bazara na kashe na dalma da wuri, na litiyom kuwa sai mai ƙarfi. Manomi ma ba lalle ya saya ba; ya ja ruwa da rana ya tara a tafki, shi ne batirinsa.

Don haka muna kira ga hukuma: a sassauta kuɗin duwan a kan nagartaccen batir, a tare jabu tun daga iyaka, a horar da samarin Difa gyara, a fara da ɗakunan haihuwa na ƙauyuka. 'Yan kasuwar da ke shigo da shi kuma su riƙa karɓar matacce, kada dalmarsa ta ƙare a cikin Komadugu.