Daga ajin yaƙi da jahilci: wa zai riƙe labarin tsofaffinmu mata?

 

Ran nan na rubuta kalmar "tarihi" bisa allo. Na ce wa ɗalibaina kowa ya faɗi sunan mutum guda na tarihin garinmu. Suka kawo sunayen sarakuna da limamai da wani baban ɗan kokowa. Duka maza ne. Na ce, to, wa ya yanke muku cibiya? Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce: "Malam, ai wannan ba tarihi ba ne, zancen mata ne."

Tun ran nan maganar ba ta bar ni ba.

Akwai wani irin silima da ba wasa ake yi cikinsa ba. Mai kamara yana zuwa wurin mutum na gaskiya, ya zauna, ya saurare shi, ya ɗauki hotonsa da muryarsa. Wasu ƴan ƙasarmu sun yi wannan aiki bisa matan da aka manta.

Wanda ya fi kama ni shi ne na Sani Magori, mutumin Galmi, garin albasa. A 2010 ya yi wani fim mai suna Kukan Kurciya, bisa wata tsohuwa, Zabaya Husai. Lokacin ƙuruciyarta waƙarta ta sa samari da yawa sun ɗauki jaka sun tafi biɗa bakin teku. Wasu sun komo, wasu ba su komo ba. Uban Sani ma yana cikin waɗanda suka zauna Abijan. Sai Sani ya tafi wurin tsohuwar ya roƙe ta: tun da muryarta ce ta fid da maza, ta zo ta kira su gida. Ta yarda. Suka kama hanya tare har Abijan, kamara tana biye da su.

Ku duba wannan al'amari da kyau. Mun san yadda muke riƙon zabaya. Ranar biki a yi mata kari, gari ya waye a ce maroƙiya ce, ba a son ɗa ya aure ta. Ga shi kuwa wanda ke son ya gane abin da ya sa garuruwan Adar ke zama ba maza da rani, sai ya bi ta bakinta. Takardun gwamnati suna iya ƙidaya waɗanda suka tafi. Ita ta san abin da ya tashe su.

Akwai kuma Zalika Sule ta Yamai. Ta fara wasan silima a 1966, tana cikin matan farko na ƙasar nan da suka yi shi. Fim ɗin Umaru Ganda da ta fito ciki ya ci babbar kyauta a Wagadugu a 1972. Amma da yake sau da yawa muguwar mace take fitowa, mutane suka ɗauka halinta ne, suka riƙa zagin ta. Ta tsufa cikin talauci. Rahamatu Keita ce ta nemo ta, ta yi fim bisa rayuwarta a 2004, har aka nuna shi a Faransa. Zalika ta rasu a 2021. Allah ya jiƙan ta.

Ita kuma Aisha Maki, ƴar Damagaram, a 2016 ta ba matan da ba su samu haihuwa ba magana, ita ma tana cikinsu. Ku da kanku kun san sunan da ake kiran irin waɗannan mata a tsakar gida.

Mu komo garinmu. Akwai wata tsohuwa maginar tukwane da ke zaune bayan gari. An ce iyayenta bayi ne, shi ya sa ba a kiran ta wurin shawara. Ita ce ta karɓi haihuwata, da ta rabin ajin nan. Lokacin yunwar El Buhari, a 1984, ta san ganyen da ake ci da wanda ke kashewa, ta koya wa mata yadda ake jiƙa anza har ɗacinta ya fita. Kullum ina cewa zan tafi in rubuta labarinta bayan noma. Ta rasu da damanar nan. Ban rubuta ko layi guda ba, kuma laifina ne.

Ba mu da kamarar Sani Magori. Amma kusan kowane gida akwai salula mai ɗaukar murya, kuma yanzu kun iya rubutu. Abu guda nake jan kunne a kai: a nemi yardar tsohuwa tukuna. In ta ce kar wani zance ya fita, kar ya fita. Kar a ɗauki hotonta a watsa don a yi dariya. A tafi da goro, a zauna ƙasa, a bar ta ta yi magana ko da ta kewaya.

A ajinmu mun ware kaye guda don wannan aiki. Mata huɗu sun ɗauki nauyin zuwa wurin tsofaffi, don akwai abin da ba a faɗa wa namiji. Dattijon nan da ya ce zancen mata ne ya zo shekaranjiya, yana tambaya ko za a fara da yayarsa, wadda ke zaune a tunga. Ranar Laraba bayan kasuwa za a tafi wurinta.