Faransuwa Miteran: kusan shekara 35 cikin majalisa

Kafin Miteran ya hau mulkin Faransa a 1981, ya daɗe bisa kujerar majalisa. Jihar Niyebur ta zaɓe shi dapite a 1946. Da ya ƙi amincewa da komowar Janar Dagol a 1958, sai kujerar ta kuɓuce masa. Ya shiga majalisar dattawa a 1959, ya koma ta dapitoci a 1962.

Abin da ya shafe mu shi ne shekarar 1950. Yana ministan ƙasashen ƙetare, ya ƙarfafa wa Ufuwe Buwanyi gwiwa har RDA, uwar jam'iyyar Diori Hamani, ta rabu da ƴan kwaminis. Amma a 1972 shi da kansa ya ƙulla yarjejeniya da su, kuma ƙuri'unsu sun taimaka masa a 1981.