Asibitocin Kenya a Hannun Gwamnoni

Sharhinmu na yau ya leƙa ƙasar Kenya ne, inda a shekarar 2013 gwamnatin tsakiya ta miƙa ragamar kiwon lafiya ga gundumomi 47, kowace da zaɓaɓɓen gwamnanta da majalisarta, kamar yadda tsarin mulkin 2010 ya tanada. Manyan asibitocin ƙasa da tsara manufofi ne suka rage a hannun Nairobi. Ɗaukar ma'aikata, biyan albashi, sayen magani da kula da ƙananan asibitoci duk sun koma gunduma.

Yankunan da aka daɗe da mantawa da su ne suka fara gani a ƙasa. Gundumar Mandera tana can kan iyakar Somaliya da Habasha, kimanin kilomita 1,000 daga babban birni. Sai a 2014 aka yi tiyatar haihuwa ta farko a asibitin garin Takaba da ke cikinta. Kafin nan, macen da naƙuda ta yi wa gardama sai dai a ɗauke ta a mota a kama doguwar hanya, wata ta kai, wata ta cika a tafe. A gundumar Makueni kuma, gwamna Kivutha Kibwana ya ƙaddamar da wani shiri a 2016, inda magidanci zai biya shilin 500 a shekara, iyalinsa su samu magani a asibitocin gundumar. Ba daga Nairobi dabarar ta fito ba.

Amma an yi gaggawa. Shekara uku aka ware don a miƙa ayyukan daki-daki, sai gwamnoni suka matsa lamba, aka sauke musu kusan komai cikin 'yan watanni, alhali wasu gundumomin ko tsarin biyan albashi ba su gama kafawa ba. Albashi ya riƙa makara, ƙarin girma ya tsaya, wasu likitocin suka yi kukan ana nuna musu bambanci don ba 'yan asalin gundumar ba ne. Daga Disambar 2016 likitoci suka shafe kwana 100 suna yajin aiki, har aka ɗaure shugabannin ƙungiyarsu bakwai. Ba a gama farfaɗowa ba ma'aikatan jinya suka tafi nasu na wata biyar a 2017. Talakan da ba shi da kuɗin asibitin kuɗi shi ya ji a jikinsa.

Akwai wani ciwon da ba a cika maganarsa ba, kuma ya fi yajin aikin daɗewa. Kafin 2013, asibiti yakan riƙe kuɗin da ya tara daga marasa lafiya, ya sayi safar hannu, ya gyara famfo, ya zuba wa janareta mai. Da dokar kuɗin gwamnati ta 2012 ta fara aiki, gundumomi da dama suka ce duk abin da aka tara a kai shi baitulmalin gunduma. Shugaban asibitin da ke iya sallamar mai gyaran famfo a rana ɗaya ya koma rubuta takarda yana jiran sa hannu makonni. An ce an kawo mulki kusa da jama'a, sai ga shi mai kula da majinyaci ya rasa ɗan ikon da yake da shi. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma sai da aka shekara goma ana fama kafin majalisar ƙasar ta yi doka a 2023 da ta ba asibitoci damar riƙe kuɗinsu.

Wannan batu ya shafi Najeriya kai tsaye. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu ba tare da sun bi ta hannun gwamnoni ba, kuma asibitocin sha-ka-tafi na cikin ayyukan da ake sa rai su amfana. Abin da ya kamata masu bibiyar hukuncin su nemi sani shi ne nawa ne zai wuce sakatariyar ƙaramar hukuma ya shiga asusun asibitin ƙauye, kuma wa zai sa hannu a fitar da shi ranar da magani ya ƙare.