Nadal Ya Tafi, Amma Jar Ƙasa Tana Nan

Tun da Rafael Nadal ya yi ritaya a ƙarshen 2024, wasu abokanmu masu kallon tanis ke cewa sun daina damuwa da gasannin jar ƙasa, wai armashinsu ya tafi tare da shi. Ni ban yarda ba.

Hujjarsu tana da ƙarfi. Kofi 14 Nadal ya ci a Roland Garros da ke birnin Paris, daga 2005 zuwa 2022. A Monte Carlo ya ci 11, takwas daga ciki a jere, a birnin Rum kuma 10. Wanda ya ga wasan ƙarshe na Rum a 2006, inda suka kwashe sama da awa biyar da Roger Federer, ba zai manta ba. Ni ma a gidan kallo na gani, bayan mun daɗe muna roƙon mai gidan ya sauya tasha daga ƙwallon ƙafa.

To amma filin ya girmi Nadal. Garin jan bulo ne ake shimfiɗawa, shi ya sa ƙwallo ke rage gudu tana tashi sama. Ƙarfin bugu kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da juriya da dabara. Ƙwallo kuma tana barin sawu, har alƙali ya sauko daga kujerarsa ya duba idan gardama ta taso. Ko a 2012 da masu shirya gasar Madrid suka rina ƙasar ta koma shuɗiya, 'yan wasa sun koka da santsi, dole aka koma ja a shekarar da ta biyo.

Yayyenmu har yau suna tuna 1983, lokacin da Yannick Noah, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne kuma ya yi ƙuruciyarsa a Yawunde, ya ɗauki kofin Paris. Suna tuna Michael Chang, yaro ɗan shekara 17, da ya kayar da Ivan Lendl a 1989 ƙafafunsa na ciwo, ya kuma je ya ci kofin. A lokacin Nadal bai wuce shekara uku ba.

Bayansa fa? A watan Yunin 2025, Jannik Sinner ya ci zagaye biyu na farko a wasan ƙarshe, daga baya sau uku yana neman maki ɗaya tak ya ɗaga kofi. Carlos Alcaraz ya ƙi sallamawa, ya farfaɗo ya ci wasan bayan awa biyar da minti 29. Duk wanda ya kashe talabijin saboda babu Nadal, shi ya yi asara.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙannenmu da 'ya'yanmu, waɗanda taƙaitaccen bidiyo na minti biyu a waya ya ishe su. A can bugun ƙarshe kawai za su gani, ba za su ga yadda aka yi haƙuri har aka kai gare shi ba. Idan watan Afrilu ya kama aka fara Monte Carlo, ku zaunar da su su kalli wasa ɗaya daga farko har ƙarshe. Ni dai Paris ce zaɓina, Rum na biye mata. Allah Ya kai mu lafiya.